Wasannin Kisa Da Masu Neman A Hana Su

Akwai wata tsohuwar tambaya wadda kowace al'umma ta kan yi wa kanta, ko da ya ke kowane zamani da irin rigar da ya ke sa mata. Tambayar ita ce: in manya sun tsorata da wani abu wanda 'ya'yansu su ke so, yaushe ya kamata su nemi hukuma ta hana shi, yaushe kuma ya kamata su tsaya ga tsawatarwar gida? A zamaninmu wannan tambaya ta sauka a kan wasan bidiyo, wanda yara su ke kira gem, musamman irin wanda a ke harbi da sara da zub da jini a cikinsa.

Ga wanda bai saba da shi ba, wasan bidiyo wasa ne da a ke yi da na'ura. Hoto ya kan fito a fuskar talabijin, ko kwamfuta, ko wayar hannu, mai wasa kuwa yana latsa maɓallai, shi ke juya mutumin da ke cikin hoton. Bambancinsa da sinima ke nan. A sinima mutum ɗan kallo ne, a nan kuwa hannunsa ne ke yin aikin. Waɗansu wasannin na ƙwallo ne, waɗansu na tseren mota, waɗansu na gina birane, waɗansu kuwa ba a cin su sai an karkashe abokan gaba. A kan waɗannan na ƙarshe ne aka shekara wajen 50 ana rigima a ƙasashe da yawa. Sau da dama mutanen kirki sun tashi sun ce a hana su, sau da dama kuma jama'a sun juya musu baya. Abin da mu ke so mu bincika shi ne dalilin haka, da kuma inda gaskiya ta ke tsakanin ɓangarorin nan biyu.

Mafarin Rigima

A shekarar 1976 wani kamfani a Amurka ya fito da wasa mai suna Death Race. Mai wasa ya kan tuƙa mota ya yi ta take waɗansu 'yan halittu, kowanne ya taka sai a ji ƙara, alamar kabari ta fito a wurin. Jaridu suka yi ca a kansa. Kamfanin ya ce ai ba mutane ba ne a ke takewa, 'yan aljanu ne. Abin da ya biyo baya shi ne cinikin wasan ya ƙaru, domin waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba sun ji shi a bakin masu zaginsa.

Babbar rigima ta tashi a 1993 a kan wani wasan dambe mai suna Mortal Kombat, wanda a cikinsa wanda ya yi nasara ya na iya fizge kan abokin karawarsa. Manyan kamfanoni biyu suka fito da shi don a yi a gida. Kamfanin Nintendo ya cire jinin, ya sa wani abu mai kama da gumi a madadinsa. Kamfanin Sega kuwa ya bar hanyar da mai wasa zai iya fito da jinin. Na Sega ya fi ciniki nesa ba kusa ba, har da aka fito da kashi na biyu a 1994, Nintendo ma ya bar jinin. Wannan ita ce amsar farko da jama'a suka bayar, da aljihunsu suka ba da ita.

A watan Disamba na 1993 'yan Majalisar Dattawan Amurka biyu, Joe Lieberman da Herb Kohl, suka kira shugabannin kamfanonin gaban majalisa. Suka ce musu su zaɓi ɗaya: ko su da kansu su riƙa sa wa kowane wasa alamar shekarun wanda ya dace ya yi shi, ko gwamnati ta yi musu. A 1994 kamfanonin suka kafa hukumar sa alama. Wasan da aka sa wa harafin M, na wanda ya kai shekara 17 ne. A ƙasashen Turai aka kafa irin wannan tsari a 2003, da lambobi 3 da 7 da 12 da 16 da 18.

Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo kansa. A nan masu kuka sun nemi abu ƙarami wanda ba mai iya musunsa, watau a gaya wa uba abin da ke cikin kayan da zai saya wa ɗansa. Sun samu, jama'a kuma ba su yi musu tawaye ba.

Bayan An Yi Rashi

Rigimar ta canja kama ran 20 ga Afrilu 1999, sa'ad da ɗalibai biyu suka shiga makarantarsu ta Columbine a jihar Kolorado da bindigogi, suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya a ranar, sa'an nan suka kashe kansu. Da aka bincika aka tarar suna son wani wasan harbi mai suna Doom. Daga nan ƙarar ta girma. Da ana cewa wasannin ba su dace da yara ba, yanzu aka koma cewa su ne ke ƙera masu kisa. Waɗansu daga cikin dangin mamata suka kai kamfanonin ƙara a 2001, alƙali ya kori ƙarar a 2002.

Bai kamata kowa ya yi wa waɗannan iyaye dariya ba. Wanda ya tura ɗansa makaranta da safe aka komo masa da gawa, dole zuciyarsa ta nemi dalili. Mutum ya kan iya jure baƙin ciki mai dalili fiye da marar dalili. In aka ce masa abubuwa goma ne suka haɗu, da ciwon zuciyar yaron, da ƙiyayya, da sakacin manya, da sauƙin samun makami, ba ya san inda zai kama ba. In kuwa aka ɗaga wani faifai aka ce ga mai laifin, to, ya sami abin da zai iya riƙewa da hannu, ya karya, ya ƙone. Wannan hali ne na ɗan Adam, ba na wata ƙasa kaɗai ba.

Amma sauƙin da zuciya ta samu ba shaida ba ne. A watan Afrilu na 2007 wani ɗalibi ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech. Tun kafin a tabbatar da ko wane ne shi, wani lauya mai suna Jack Thompson, wanda ya daɗe yana yaƙi da wasannin, ya fito a talabijin ya ɗora musu laifin. Da kwamitin da Gwamnan jihar ya kafa ya gama bincike, sai ya ba da labari cewa wasannin da aka san yaron ya yi ba na yaƙi ko kisa ba ne. Miliyoyin masu wasa suka ga an yanke wa abinsu hukunci tun ba a kira shaidu ba. Daga ranar, duk wanda ya zo musu da magana a kan wasa, ko da gaskiya ce a bakinsa, sai su sa shi a layi ɗaya da wannan lauya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma abin takaici, ba maƙaryacin kaɗai ke faɗawa ba, har da masu gaskiyar da ke tafe a bayansa.

Akwatin Da Bai Cika Ba

A Jamus ma an sha wannan ɗaci. A 2002 wani tsohon ɗalibi ya kashe mutum 16 a wata makaranta a birnin Erfurt. A 2003 aka mai da alamar shekaru ta zama doka, watau ɗan kasuwa ba shi da ikon sayar wa yaro wasan da ya fi shekarunsa. Wannan doka ta zauna. Ran 11 ga Maris 2009 kuma wani yaro mai shekara 17 ya fara harbi a tsohuwar makarantarsa a garin Winnenden, ya kashe mutum 15 kafin ya kashe kansa. A watan Yuni na shekarar ministocin harkokin cikin gida na jihohin ƙasar 16 suka nemi a hana ƙera irin waɗannan wasanni da sayar da su gaba ɗaya, ga yaro da babba.

Jama'a suka amsa ta hanya biyu. Ta farko, mutum fiye da 73,000 suka sa hannu a takardar koke zuwa majalisar ƙasa cewa ba su yarda ba. Ta biyu kuwa ta fi ban tausayi. A watan Oktoba ƙungiyar iyayen yaran da aka kashe ta ajiye wani ƙaton akwatin zuba shara a tsakiyar birnin Stuttgart, ta roƙi mutane su kawo wasannin kisa su jefa. Aka wuni, abin da aka jefa bai taka kara ya karya ba. Dokar hanin ba ta tabbata ba.

Me ya sa mutanen da suka yi kuka tare da iyayen nan a watan Maris suka ƙi amsa kiransu a watan Oktoba? Ba don zukatansu sun bushe ba. Kowane mai wasa ya san kansa, ya san abokansa, ya san sun shekara suna wannan wasa ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani hannu. Jefa faifai a cikin akwatin daidai ya ke da mutum ya amsa cewa shi ma ɗan koyon kisa ne, ba kuwa mai amsa laifin da ya san bai yi ba. Ban da haka, kowa ya ji cewa bindigar da yaron ya yi kisa da ita ta ubansa ce, wadda ya bari ba a kulle ba, har kotu ta kama uban da laifin sakaci a 2011. Iyayen mamatan sun nemi a tsananta dokar makamai ma, an kuwa tsananta ta a 2009. Abin da ke da shaida a cikin kukansu ya shiga, abin da ba shi da ita ya tsaya a ƙofa.

Hukuncin Alƙalai Da Binciken Masana

A 2005 jihar Kalifoniya ta yi doka cewa wanda ya sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba wasan kisa zai biya tarar da ta kai dala 1,000. Gwamna Arnold Schwarzenegger ne ya sa mata hannu, mutumin da ya yi suna da fitowa a finafinan harbe-harbe, abin da ya ba masu adawa abin ba'a. Kamfanonin suka kai ƙara, aka tsai da dokar tun ba ta fara aiki ba. Ran 27 ga Yuni 2011 Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke ta, alƙalai 7 suka goyi bayan sokewa, 2 suka ƙi.

Alƙali Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin, ya kafa shi a kan abu biyu. Na ɗaya, tsarin mulkin ƙasarsu ya tsare 'yancin faɗar albarkacin baki, wasa kuma yana ba da labari kamar yadda littafi da sinima su ke bayarwa. Ya tuna musu cewa tatsuniyoyin da Turawa su ke karanta wa 'ya'yansu cike su ke da kisa da azaba. Wannan ba zai ba mu mamaki ba, mu da muka tashi da labarin Dodo mai haɗiye mutane. Na biyu, jihar ta kasa nuna cewa wasan ne ke sa yaro ya aikata mugun aiki. Amma alƙali Stephen Breyer, ɗaya daga cikin biyun da suka ƙi, ya yi tambaya mai nauyi. Ya ce ina hikimar ƙasar da ta hana a sayar wa ɗan shekara 13 mujallar tsiraici, amma ta yarda a sayar masa da wasan da zai azabtar da mace a ciki da hannunsa? Wanda ya ce wannan tambaya ba ta da tushe bai yi adalci ba.

Masana halin ɗan Adam kuwa sun rabu a kan ƙaramar magana, sun kusa haɗuwa a kan babbar. Ƙungiyarsu ta Amurka ta faɗa a 2015 cewa akwai alaƙa tsakanin yin wasannin kisa da ƙaruwar zafin rai, kamar tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar shaida cewa suna kai mutum ga laifin zub da jini. A 2020 ta sake nanata cewa ɗora wa wasa laifin kisa ba shi da madogara a ilmi, kuma yana ɗauke hankali daga dalilan da aka tabbatar. A 2019 masu bincike a jami'ar Oxford suka auna yara wajen 1,000 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya, suka tambayi iyayensu halinsu, ba su ga masu yin wasannin kisa sun fi sauran faɗa ba.

Akwai kuma abin da ko ba masani ba zai iya aunawa. Daga 1991 zuwa 2014, shekarun da wasannin suka cika gidajen Amurka, laifuffukan zub da jini a ƙasar sun ragu da wajen rabi in an auna da yawan jama'a. Wannan bai nuna wasan ne ya rage su ba, amma da shi ne babban mai haifar da su, da ba haka lissafin zai fito ba. Mutanen Japan da Koriya ta Kudu suna cikin waɗanda suka fi kowa yin wasan bidiyo a duniya, kisa da bindiga kuwa a ƙasashensu abu ne da ba safai a kan ji shi ba.

Shi ya sa jama'a suka fusata a watan Agusta na 2019. Wani mutum ya harbe mutane a wani kantin Walmart a birnin El Paso, mutum 23 suka rasu, shi da kansa kuma ya rubuta cewa ƙin baƙi 'yan asalin Latin Amurka ne ya sa shi. Shugaba Donald Trump ya ambaci wasannin bidiyo cikin abubuwan da ya zarga. Kamfanin kantin ya ba da umurni a sauke tallan wasannin kisa, alhali bindigogi suna nan a kan kanta ana sayarwa. Mutane suka ce an bar jaki ana dukan taiki. Bayan wata guda kamfanin ya daina sayar da waɗansu irin harsasai.

Inda Aka Gwada Hani

Waɗansu ƙasashe ba su tsaya jayayya ba, hani suka yi. A 2019 wani wasan wayar hannu mai suna PUBG, wanda a ke zuba mutum 100 a tsibiri su yi ta harbin juna har saura ɗaya, ya mamaye samarin Asiya. A watan Maris 'yan sandan birnin Rajkot a Indiya suka kama samari wajen 10 don an same su suna yinsa. A watan Afrilu hukumar Nefal ta hana shi, ba a cika kwana 10 ba Kotun Ƙolin ƙasar ta dakatar da hanin. A cikin watan nan majalisar Iraƙi ta ƙuduri hana shi, samarin ƙasar suka yi ta tambaya ko wasa ne ya hana su aikin yi da wutar lantarki. Pakistan ta rufe shi a farkon Yuli na 2020, ta buɗe kafin watan ya ƙare.

Ostareliya kuwa ta gwada wata hanya. Shekara da shekaru ba ta da ajin 'yan shekara 18 a wasanni, saboda haka wasan da ya wuce ajin 'yan 15 ba a sayar da shi ko ga dattijo. Babban lauyan jihar Ostareliya ta Kudu, Michael Atkinson, shi ne ya tsaya kai da fata kada a canja. Masu neman canji suka ce tsarin yana cutar yaran da a ke so a tsare, domin a kan ɗan rage wasan manya a cusa shi cikin ajin 'yan 15. Da gwamnati ta nemi ra'ayin jama'a, takardu fiye da 50,000 suka iso, kashi 98 cikin 100 suna son a kafa ajin manya. Aka kafa shi ran 1 ga Janairu 2013.

Laifin Masu Wasa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa tun da masu neman hani sun wuce gona da iri, masu wasa sun fita fes. Atkinson ɗin nan ya ba da labari a 2010 cewa an tura masa takardar barazana ta ƙarƙashin ƙofar gidansa da tsakar dare. Iyayen Winnenden sun sha ba'a daga mutanen da ba su taɓa binne ɗa ba. Wanda ya ke so ya nuna wasa bai ɓata masa hali ba, sa'an nan ya nuna haka da zagi da barazana, ai ya zama mai ba da shaida a kan kansa.

Akwai kuma kuskuren tunani da su ke yi. Sun ji an ce ba a tabbatar wasa yana sa kisa ba, sai suka mai da shi cewa wasa ba ya komai ga kowa. Waɗannan maganganu biyu ba ɗaya ba ne. Barkono ba guba ba ne, amma ba a ba jariri. Abin da mutum ya ke shafe sa'o'i yana yi kullum ba ya rasa barin alama a zuciyarsa, ko da alamar ba ta kai ga kotu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasa, watau mutum ya kasa barinsa har ya ɓata masa karatu da aiki da zaman iyali, cikin jerin cututtuka a 2019. Wannan ba a kan jini ba ne, a kan lokaci ne, ya kuma shafi kaɗan ne daga cikin masu wasa. Amma ga uban da ɗansa ya ke kwana ido biyu a kan waya, wannan ciwo ya fi kusa da shi bisa ga kisan da a ke tsoratar da shi da shi.

Kamfanonin ma ba waliyyai ba ne. 'Yan kasuwa ne, sun kuwa gane tun 1976 cewa zagi talla ne. In suna maganar 'yanci, a tuna cewa akwai riba a bayan maganar.

Inda Gaskiya Ta Tsaya

In muka tattara duk wannan, za mu ga masu neman hani suna ɗauke da ƙara biyu. Ƙarama ita ce: akwai wasannin da ba su dace da yaro ba, uba kuma yana da hakkin ya sani, ya kuma hana. Babba ita ce: wasannin nan su ne ke haifar da masu kisa, saboda haka a hana kowa. Ta farko gaskiya ce wadda ba ta bukatar gawa kafin a yarda da ita. Ta biyu zato ne wanda shekara 50 na bincike ba su tabbatar ba. Duk inda aka kawo ta farko ita kaɗai, ta yi nasara. Duk inda aka ɗora mata ta biyu, jama'a sun yi watsi da su duka.

Ga shaida a kan amfanin ƙaramar ƙarar. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta riƙa aika yara su gwada sayen wasan manya a kantuna. A 2000, cikin kowane 100 an sayar wa 85. A rahotonta na 2013, an sayar wa 13 kaɗai. Ba a ɗaure kowa ba, ba a ƙone komai ba. Alama ce aka sa, aka matsa wa 'yan kasuwa su kiyaye ta.

Darasin ya wuce maganar wasa. Alƙalin kirki ba ya auna hukunci da yawan hawayen mai ƙara, da shaida ya ke aunawa, ko da zuciyarsa tana tare da mai kukan. Al'umma ma haka ya kamata ta yi in za ta kafa doka, domin doka sanda ce da ke sauka a kan kowa. In an hana mutum miliyan abin da bai sa su cutar da kowa ba saboda mutum ɗaya wanda ba a ma tabbatar abin ne ya ɓata shi ba, an zalunci miliyan, ba a kuwa tsare kowa daga na gaba ba. Mafi muni, jama'a su kan koma gida da zaton an yi maganin abin, alhali makamin yana nan ba a kulle ba, yaron da ke cikin ƙunci kuma ba wanda ya tambaye shi abin da ke damunsa.

Saboda haka kowa da rabonsa na aiki. Na hukuma shi ne ta tsaya a ƙofar kasuwa, ta tabbata an faɗi gaskiyar abin da ke cikin kaya, ba a kuma sayar wa yaro na manya ba. Na mai wasa shi ne ya amsa wa mai kuka da hujja da ladabi, ya yarda kuma cewa abin da ya halatta gare shi bai halatta ga ƙanensa ba. Mafi nauyi kuwa na iyaye ne, musamman yanzu da yawancin wasanni ba a kanti a ke sayensu ba, ta intanet su ke shigowa wayar da ke aljihun yaro, a Kano kamar yadda su ke shiga a Kalifoniya. Ba ɗan kasuwar da zai dubi fuskarsa ya ce ya yi ƙanƙanta.

Uban da ya iya karatu yana da makami a nan. Ya karɓi wayar ya duba sunan wasan, ya nemi lambar shekarun da aka rubuta a jikinsa. Ya zauna kusa da yaron ya ga abin da a ke yi a ciki, ya tambaye shi da wa ya ke wasa, me kuma ya ke ba shi sha'awa. Ya yanka masa lokaci, ya tsaya a kan abin da ya yanka. In zai hana, ya faɗi dalilin gaskiya, ya ce wannan ya fi shekarunka, ko wannan yana cinye maka barci da karatu. Kada ya ce masa zai zama mai kisan kai, domin yaron ya san ba haka ba ne, ranar da ya kama ubansa da ƙari a magana kuwa, ranar ce zai daina jin sauran maganarsa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma hannun da ke kusa da shi ne ke tanƙwarawa, majalisa ta yi nisa.